Dala Biliyan 2.7: Shari'ar Masu "Gyaran Tarihin Bashi" a Amurka

Daga farkon Disambar 2024 zuwa farkon Janairun 2025, mutum kusan miliyan 4.3 a Amurka ne aka aika wa cekin banki ta gidan waya ba tare da sun cike wata takarda ko sun roƙi kowa ba. Jimillar kuɗin dala biliyan 1.8 ce, kuma hukumar kare haƙƙin jama'a a harkar kuɗi, wadda aka fi sani da CFPB, ita ta raba. Tun kafa hukumar ba ta taɓa raba kuɗi masu wannan yawa daga asusunta na tallafa wa waɗanda aka cuta ba. Abin da ya haɗa waɗannan mutanen abu ɗaya ne: kowannensu ya taɓa biyan kamfanin Lexington Law ko CreditRepair.com kuɗi don a gyara masa tarihin bashinsa.

Kafin a gane yadda miliyoyin mutane masu hankali suka shiga wannan ciniki, sai an fahimci matsayin tarihin bashi a rayuwar Ba'amurke. Manyan kamfanoni uku ne ke tattara labarin bashin kowa a ƙasar: Equifax da Experian da TransUnion. Bankuna da masu katin bashi da masu karɓo bashi suna aika musu rahoto a kai a kai, wane ya biya a kan lokaci, wane ya yi jinkiri, wane ya gudu. Daga wannan rahoton ake fitar da maki, kuma wanda ya fi shahara shi ne na FICO, mai farawa daga 300 zuwa 850. Makin nan shi banki ke dubawa kafin ya ba ka rancen gida ko na mota, shi ke yanke yawan ruwan da za a ɗora maka, mai gidan haya ma yakan nemi ya ga rahoton kafin ya miƙa maka mabuɗi. A gari irin namu, idan mutum yana son sanin ko kana biyan bashi, maƙwabta da abokan kasuwa yake tambaya. Can kuwa kwamfuta ake tambaya, ita kuma ba ta san cewa matarka ta yi jinya ko an sallame ka daga aiki ba. Abin da ta sani kawai shi ne ka yi wata uku ba ka biya ba, kuma doka ta yarda wannan tabon ya zauna a kanka shekara 7. Idan karayar arziki ce ta kai ka kotu, yana iya kai shekara 10.

To mutumin da aka hana gidan haya sau uku saboda wata lamba, ga iyali a bayansa, idan wani ya ce masa yana da hanyar wanke lambar, zai saurara. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Na faɗi wannan tun da wuri ne domin ba na son mai karatu ya ɗauki waɗannan mutanen a matsayin wawaye. Matsi ne ya kai su.

Yadda ake kamo mutane

A shekarun da suka gabaci 2023, Lexington Law da CreditRepair.com su ne manya a wannan sana'a a duk faɗin ƙasar. Tushensu na birnin Salt Lake a jihar Yuta, kuma a wancan lokacin a bayansu akwai rukunin kamfanonin da ake kira Progrexion, ƙarƙashin PGX Holdings. A lokacin, Lexington Law sunan kasuwanci ne na ofishin wani lauya, John C. Heath, amma Progrexion ke gudanar da talla da ɗakunan buga waya. Sunan lauya a kan allo ba ƙaramin abu ba ne ga mai neman mafita. Mutum yana jin an ce lauyoyi ne, sai hankalinsa ya kwanta, ya ɗauka ya samu mai tsaya masa a gaban banki. Bisa ƙididdigar CFPB, a shekarar 2022 kaɗai kuɗin da suka shigo wa kamfanonin a haɗe sun kai kimanin dala miliyan 388.

A watan Mayun 2019 CFPB ta kai su ƙara a kotun tarayya da ke Yuta, da zargi iri biyu. Na farko ya shafi yadda ake jawo abokan ciniki. Hukumar ta ce kamfanonin suna biyan wasu 'yan talla na waje, su kuma suna baza tallace-tallace a intanet na gidan haya da mutum zai mallaka a hankali, ko rancen gida mai sauƙi, ko wani bashi da ba ya buƙatar kyakkyawan tarihi. Mai neman gida ya buga waya, sai a ce masa komai ya yi daidai, saura makinsa ne ya ɗan gaza, amma ga wani a kan layi da zai gyara masa. Nan take, wayar ba ta yanke ba, sai a miƙa shi ga mai sayar da hidimar Lexington Law ko CreditRepair.com. Zargin hukumar shi ne, a wurin wasu daga cikin 'yan tallan nan babu gidan, babu rancen. Ƙugiya ce kawai aka sa wa tsutsa. Mutum ya fito neman wurin kwana, ya koma da sabon kuɗin wata da za a riƙa cira daga katinsa.

Adalci ya sa a faɗi cewa wannan ɓangaren ya tsaya ne a matsayin zargi, domin an sasanta kafin kotu ta yanke hukunci a kansa. Wanda kotu ta yanke shi ne zargi na biyu, kuma shi ne zuciyar lamarin: karɓar kuɗi kafin a ga sakamako.

Me ake saya da dala ɗari a wata

Abokin ciniki yakan biya kuɗin fara aiki, sannan kowane wata a ciri kuɗi daga asusunsa, kusan dala ɗari, wani tsarin ƙasa da haka, wani sama. A madadin haka kamfanin yana aika wasiƙun ƙorafi da sunansa zuwa ga rumbunan bayanai, wato manyan kamfanonin nan uku masu tattara labarin bashi, da masu bin sa bashi, yana ƙalubalantar abubuwan da ke ɓata masa rahoto.

Wannan haƙƙin ƙorafi tsohuwar doka ce ta ba kowa, dokar adalci a rahoton bashi ta 1970. Duk wanda ya ga kuskure a rahotonsa yana da damar rubutawa da kansa, kyauta, kuma dole rumbun ya bincika, galibi cikin kwana 30. In an kasa tabbatar da abin, a goge shi. Kuskure kuwa yana faruwa sosai. Wani bincike da hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, ta fitar a 2013 ya nuna cewa mutum ɗaya cikin biyar na da kuskure a aƙalla ɗaya daga rahotanninsa. Akwai bashin da aka biya amma ba a rubuta ba, akwai na wani mai suna irin naka da aka jingina maka. Saboda haka buƙatar gyara gaskiya ce. Sai dai babu wata ƙofa ta musamman da kamfani ke bi wadda aka rufe wa talaka. Wasiƙar da lauya zai aika, ita ce mai abin zai aika, kuma kwanakin da doka ta gindaya ɗaya ne. Abin da yake gaskiya kuma, wato ka yi jinkirin biya da gaske, babu mai ikon tilasta a goge shi kafin wa'adinsa ya cika, komai girman ofishinsa.

A nan ne wayon sana'ar yake. Idan aka yi wa rumbu ruwan wasiƙu, wani lokaci mai bin bashi ba ya amsawa cikin kwana 30, sai a cire abin. Abokin ciniki ya duba wayarsa ya ga tabo ya ɓace, makinsa ya ɗan hau, ya yi murna, ya ci gaba da biya, har ya gaya wa 'yan'uwa. Bayan wata biyu mai bin bashin ya tabbatar da bayanansa, doka kuma ta yarda a mayar da abin, in dai an sanar da mai rahoton cikin kwanakin aiki biyar. Tabo ya dawo inda yake, kuɗin watannin kuma sun tafi.

Masu rubuta ƙa'idar tallan waya ta Amurka, wadda FTC ta kafa a 1995, sun san wannan dabarar sarai. Shi ya sa suka sa sharaɗi mai tsauri: duk wanda ya sayar da hidimar gyaran tarihin bashi ta waya, ba shi da damar nema ko karɓar ko sisi sai lokacin da ya ɗiba wa aikin ya cika, sannan ya miƙa wa abokin cinikin rahoton bashi da aka fitar fiye da wata shida bayan samun sakamakon, mai nuna cewa gyaran ya tabbata. Wata shidan nan gwaji ne. Gyaran gaskiya yana nan bayan wata shida, na bogi kuwa ya riga ya warware. Akwai kuma wata dokar ta 1996 da ta shafi masu wannan sana'a gaba ɗaya, ko ta waya ko ba ta waya ba. Ta hana karɓar kuɗi kafin a kammala aikin, ta wajabta yarjejeniya a rubuce, ta kuma ba mutum kwanakin aiki uku ya fasa ba tare da asara ba.

Ni a ganina babban aibin tsarin biyan wata shi ne ya raba muradin mai aiki da na mai biya. Mai biya yana son a gama yau. Kamfani kuwa ribarsa na ƙaruwa ne da kowane watan da aka ƙara. Ba sai an samu mugun mutum ko ɗaya a ofishin ba kafin wannan tsarin ya cuci jama'a, lissafin da kansa yana tura aiki zuwa jan ƙafa. Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A nan an ci ladan wata bayan wata, babu kuma ranar da aka ajiye ta askin.

Hukuncin kotu

Shari'ar ta ɗauki kusan shekara huɗu. Kamfanonin sun kare kansu da cewa aikin kowane wata suke yi sannan su karɓi kuɗinsa, kuma jiran wata shida zai kashe sana'ar. A watan Maris na 2023 kotun ta yanke cewa sun karya ƙa'idar hana karɓar kuɗi a gaba. Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Suka rufe ɗakunan buga wayarsu, suka dakatar da kusan kashi 80 cikin ɗari na harkarsu, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki, a watan Yuni kuma suka nemi kariyar kotu ta masu karayar arziki. A ƙarshen Agustan 2023 aka sasanta: hukuncin biyan diyyar dala biliyan 2.7, tarar sama da dala miliyan 45 a kan Progrexion Marketing, sama da miliyan 18 a kan ofishin lauyan, da haramcin sayar da wannan hidima ta waya har shekara 10. An kuma wajabta musu sanar da sauran abokan cinikin da aka kamo ta waya labarin shari'ar da damar da suke da ita ta ficewa.

Abin lura shi ne yadda kashi 80 na kasuwancin ya tsaya cak da zarar an ce a bari sai an ga sakamako kafin a biya. Wannan kaɗai ya isa shaida a kan abin da ake sayarwa tun farko.

Dala biliyan 2.7 lamba ce mai daɗin ji, amma kamfanin da ya karye ba shi da ita. Kuɗin da aka raba wa mutane sun fito ne daga asusun CFPB, wanda dokar gyaran harkar kuɗi ta 2010 ta tanada, inda ake tara tarar da aka ci kamfanoni daban-daban don a biya waɗanda mai cutarsu ba shi da abin biya. Idan aka raba biliyan 1.8 ga mutum miliyan 4.3, abin da zai zo wa kowa a tsaka-tsaki bai wuce dala ɗari huɗu da 'yan kai ba, ko da yake rabon ya bi gwargwadon abin da kowa ya biya ne. Babu cekin da zai mayar wa mutum watannin da ya yi yana jira, yana zaton ana aiki, alhali da kuɗin nan ya rage bashin da ke kansa da makin ya hau da kansa. A lissafin FICO, biya a kan lokaci shi ke ɗaukar kashi 35, yawan bashin da ke kanka kashi 30. Dala ɗarin da ta tafi ga mai gyara, a nan ne wurinta.

Abin da ake miƙawa bayan kuɗi

Akwai wani gefe da ba a cika magana a kai ba, kuma shi ya fi damuna. Ba a gyara maka tarihin bashi sai ka buɗe cikinka. Cikakken suna, ranar haihuwa, adireshin yanzu da na da, lambar shaida mai alƙaluma tara da ake kira SSN, lambar katin da za a riƙa cirar kuɗi, sau da yawa har da damar shiga rahotonka kai tsaye. Duk abin da ɓarawo ke buƙata ya ci bashi da sunanka ke nan, a tare, a wuri ɗaya. Shari'ar Yuta ba a kan satar bayanai aka yi ta ba, kuma ban ɗora wa kamfanonin abin da kotu ba ta ɗora musu ba. Amma a tuna mutumin da ya buga waya neman gida: bayanansa sun fara bi ta hannun ɗan tallan da shi bai ma san sunansa na gaskiya ba. Ƙasa da waɗannan manyan kuma akwai dubban ƙananan masu gyara a Instagram da TikTok da Facebook, waɗanda ba su da ofis balle lauya, kuma bayanai iri ɗaya suke nema.

Biyu daga dabarun waɗannan ƙananan suna iya kai mai biya kurkuku. Ɗaya ita ce sayar da wata lamba mai alƙaluma tara da suke kira CPN, su ce sabon shafi ne, ka rubuta ta a madadin lambarka in za ka nemi bashi. Gwamnatin Amurka ba ta bayar da irin wannan lamba. Sau da yawa lambar SSN ce ta wani yaro ko tsoho ko ɗan fursuna da aka sato, wanda ya yi amfani da ita a takardar banki kuwa ya aikata laifin tarayya da hannunsa. Ta biyun ita ce a sa ka shigar da rahoton ƙarya cewa an sace maka shaida, wai bashin ba kai ka ci ba, domin doka ta ce a toshe irin wannan bayanin cikin kwanakin aiki huɗu. An yi tanadin ne don waɗanda aka cuta da gaske. Wanda ya sa hannu a kan ƙaryar shi ne mai laifi, mai gyaran ya riga ya karɓi kuɗinsa ya canza lambar waya.

Kariyar da ke aiki da gaske ba ta cin ko kwabo. Shafin AnnualCreditReport.com shi ne wanda doka ta amince da shi don karɓar rahoto kyauta daga rumbunan uku, kuma tun 2023 suka mayar da shi na kowane mako dindindin. Bayan kutsen da aka yi wa Equifax a 2017, wanda ya fallasa bayanan mutum kusan miliyan 147, majalisa ta yi dokar da ta sa kulle rahoto ya zama kyauta daga Satumbar 2018. Idan ka kulle, sabon mai ba da bashi ba zai iya buɗe rahotonka ba, don haka ɓarawon da ke riƙe da lambarka zai sha wuya kafin ya ci bashi da ita. Ranar da kai kake buƙata sai ka buɗe, ka sake kullewa. Ga 'yan'uwanmu da ke zaune a can, musamman sababbin zuwa waɗanda ba su da tarihin bashi ko kaɗan kuma suke gaggawar samunsa, wannan ya fi duk wani mai gyara amfani.

A gida Najeriya ma tsarin ya fara kafuwa. Dokar rahoton bashi ta 2017 tana nan, akwai rumbuna uku masu lasisin Babban Banki, wato CRC da FirstCentral da CreditRegistry, lambar BVN kuma da aka fara a 2014 ta ɗaure duk asusun mutum wuri ɗaya. Inda duk aka samu rumbu mai iya hana mutum rance, za a samu mai cewa yana da ɗan'uwa a ciki da zai goge suna, a turo BVN da lambar sirrin da za ta shigo waya da ɗan abin goro. Hanyar gyara a nan ma ta mai abin ce: ya nemi rahotonsa daga rumbun, ya kai ƙorafi can da kuma wurin wanda ya ba da bashin, in ya biya ya karɓi takardar shaidar ya biya. Lambar da banki ke turowa ta waya kuwa mabuɗin asusu ce, ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayarta.

Ko rabon diyyar Amurkan bai tsira daga wannan haɗarin ba. Lokacin da CFPB ta sanar da shi, sai da ta jaddada wa jama'a cewa ba sai sun yi komai ba, ta riga ta gano masu haƙƙi daga bayanan kamfanonin, kuma wani kamfani mai suna JND Legal Administration ne zai aika cekin. Ta gargaɗe su cewa ba a biyan kuɗi don a karɓi diyya, kada kuma su ba mai kiran waya bayanan bankinsu da sunan zai gaggauta musu. Dalilin gargaɗin a fili yake. Mutum miliyan huɗu da aka san suna cikin matsin kuɗi, aka kuma sanar wa duniya cewa kuɗi na tafe gare su, kasuwa ce buɗaɗɗiya ga 'yan damfara. Haramcin da kotu ta sa zai kai 2033, kuma ya shafi sayarwa ta waya ne kawai. Sana'ar gyaran tarihin bashi ita kanta halal ce a dokar Amurka har yau, kuma tallanta na nan cike da intanet.